Muryar Malam bayan mun baro maƙabarta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A makon da ya gabata ne muka raka wani malaminmu zuwa makwancinsa a nan Zariya, bawan Allah wanda ya ƙarar da mafi yawan shekarunsa tsakanin aji da kyamara, yana koyarwa a jami'a a Samaru, yana kuma shirya fina-finai idan ya sami sarari. Na bar sunansa da gangan, domin waɗanda suka san shi sun riga sun gane wanda nake nufi, waɗanda kuma ba su san shi ba ina so su karanta wannan rubutu suna tunanin kansu, ba suna binciken rayuwar wani ba.

An yi masa salla bayan la'asar. A sahu ɗaya na ga farfesoshi da ɗalibai, da dattawan cikin birni, da 'yan kasuwar Sabon Gari, kowa ya jera kafaɗarsa da ta ɗan'uwansa, aka yi kabbara huɗu, aka ɗauki makara, aka rufe shi, muka watse. Da na koma gida bayan isha'i na buɗe waya, sai na tarar wani tsohon ɗalibinsa ya saka guntun wani fim da marigayin ya ɗauka shekaru da yawa da suka wuce. Ba a ganin fuskarsa a ciki, muryarsa kawai ake ji daga bayan kyamara, yana tambayar wani tsohon magini yadda ake kwaɓa ƙasa da yadda ake ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, a soro, yana ce masa Baba, yana jiran ya gama numfashi kafin ya sake jefa masa wata tambayar. Jikina ya yi sanyi ƙwarai. Mutumin da muka zuba wa ƙasa da hannuwanmu da yamma, ga shi da dare yana magana a cikin ɗakina, kuma ba shi da ikon ƙara kalma ɗaya ko janye kalma ɗaya daga abin da ya faɗa.

Ayar da ta faɗo mini a rai ita ce ta 12 a cikin Suratu Yasin, inda Allah Maɗaukakin Sarki Yake cewa lalle Shi ne Yake rayar da matattu, kuma Yana rubuta abin da suka gabatar da kuma gurabunsu. Malaman tafsiri sun yi bayani cewa abin da mutum ya gabatar shi ne aikin da ya yi da kansa yana raye, gurabu kuwa sun haɗa da abin da ya bari a baya yana ci gaba da aiki, alheri ne ko sharri. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir, Allah Ya yarda da shi, cewa mutanen Banu Salima sun so su tashi daga unguwarsu su dawo kusa da masallaci, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce musu su zauna a gidajensu, ana rubuta musu takun sawayensu. To idan sawun ƙafa, wanda iska take sharewa kafin gari ya waye, yana shiga littafi, yaya ke nan ga hoto mai motsi da murya, wanda ake kallo shekara ashirin ko talatin bayan an ɗauke shi?

Malam ya bar gurabu iri biyu, kuma na farkonsu shi ne aji. Kowa ya san hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim, cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da yake yi masa addu'a. Sau da yawa idan aka karanta wannan hadisi, hankalinmu yakan tafi ga malamin zaure mai karantar da fiƙihu da tafsiri, kuma babu shakka shi ne a sahun gaba. Amma lafazin hadisin ilimi mai amfani ya ce, kuma wanda ya koya wa yaro sana'ar da zai ci halaliya da ita, ya koya masa faɗin gaskiya da kiyaye amana a cikin sana'ar, muna kyautata zaton bai fita daga wannan falala ba matuƙar ya nufi Allah da aikinsa. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, malamai nawa ne suka tsaya a gaban allo a Samaru da Kongo, suka tafi, aka manta da sunayensu, alhali abin da suka koyar yana nan yana yawo a asibitoci da kotuna da gidajen rediyo da makarantu? Ɗalibin da ya zama malami ya koyar da wasu, su ma suka koyar da wasu, kuma babu wanda ya san iyakar wannan sarƙa sai Wanda Yake rubutawa.

Ina tuna yadda yake duba aikinmu. Ya taɓa mayar mini da kundina har sau uku, duk ya cika shi da jan biro, a lokacin kuwa na ji haushinsa matuƙa, na ɗauka tsanani ne kawai irin na malaman jami'a. Laifina shi ne na sa wata magana a bakin wani dattijo da na yi hira da shi, maganar da bai faɗa ba, don kawai ta fi daɗin karantawa. Malam ya zaunar da ni a ofishinsa ya nuna mini cewa wannan ƙarya ce, kuma shaidar zur ce a kan mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa. Yau shekaru da yawa ke nan, duk lokacin da hannuna ya so ya gyara maganar wani don ta dace da abin da nake so, sai jan biron nan ya tsaya mini a ido. Ina roƙon Allah Ya sanya wannan a mizaninsa.

Sai dai ya kamata mu da muke koyarwa mu ji tsoro gwargwadon yadda muke sa rai. A cikin Sahihu Muslim ɗin dai, an ambaci mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama, kuma ɗaya daga cikinsu wanda ya nemi ilimi ne ya koyar da shi, amma don a ce masa malami, aka kuwa faɗa, ya karɓi ladansa tun a duniya. Digiri da muƙami da yawan maƙalu ba su raka kowa cikin kabari ba. Haka nan malamin da ya danne makin ɗalibi don son zuciya, ko ya koya wa yara raina gaskiya da halinsa ko da bakinsa yana faɗin akasin haka, shi ma ya bar gurbi, kuma ana rubutawa.

Gurbi na biyu shi ne fim, kuma a nan maganar ta fi nauyi. Iyayenmu sun san majigi, wanda ake kawowa a mota a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna, a naɗe a tafi. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, daga baya kuma, wajen 1990, harkar fim ɗin bidiyo ta tashi a Kano ta bazu ko'ina a ƙasar Hausa. A zamanin kaset, abin da aka ɗauka yakan lalace da kansa: zare ya tsinke, danshin damina ya ci shi, faifai ya karce. Yanzu kuwa da zarar abu ya hau YouTube ko Facebook ko TikTok, ya fita daga hannun mai shi, ko ya goge nasa akwai dubban wayoyin da suka riga suka sauke. Hadisin Jarir ɗan Abdullahi ya ce wanda ya sunnanta kyakkyawar hanya a Musulunci yana da ladanta da ladan wanda ya yi aiki da ita a bayansa, wanda kuma ya sunnanta mummuna yana da zunubinta da zunubin wanda ya bi ta, ba tare da an rage wa masu bin komai ba. Ban san wata sana'a a yau da wannan hadisi ya fi shafa kai tsaye kamar ta mai shirya fim ba, domin shi yana barci aikinsa yana shiga gidajen mutane, yana zama da 'ya'yansu fiye da yadda su iyayen suke zama da su.

Abin da na gani a wurin Malam shi ne ya san wannan nauyi. Mafi yawan abin da ya ɗauka rayuwar mutane ce ta zahiri: magina, da masu ɗinkin babbar riga na cikin birni, da manoma a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Ba ya ɗora kyamara a kan mutum sai ya gaishe shi, ya gaya masa abin da za a yi da hoton, ya nemi yardarsa. Wata rana a wurin tace fim muka ga wani wuri da wata tsohuwa ta fashe da kuka tana ba da labarin ɗanta da ya rasu, mu duka muka ce wannan shi ne wurin da zai fi taɓa zuciyar masu kallo, shi kuwa ya sa aka yanke shi. Dalilinsa shi ne kyamara ba ta da kunya, mai riƙe da ita ne zai ji kunya a madadinta, kuma tsohuwar ta yarda ne a ɗauki labarinta, ba hawayenta ba.

Na san malamai sun yi saɓani a kan hoto da wasan kwaikwayo, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne. Wanda yake son hukunci ya je wurin ma'abotansa. Abin da ya dame ni shi ne abin da wasu suka rubuta a ƙarƙashin sanarwar rasuwarsa, tun kafin ƙasar kabarinsa ta bushe, wai ai ɗan fim ne, an san makomarsa. Subhanallah. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Muslim kuma ya ruwaito labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah Ya gafarta wa wancan, Ya ɓata aikin mai rantsuwar. Wanda ya rubuta irin wannan magana ya tuna cewa sharhin nasa ma gurbi ne, yana nan a intanet, kuma 'ya'yan mamacin suna karantawa. Mu mutanen Zazzau ba ma buƙatar a koya mana cewa mazubi yana ɗaukar hukuncin abin da aka zuba a cikinsa. A garin nan Malam Aliyu Namangi, makaho, ya yi wa'azi da waƙar Imfiraji, har yau ana saurarenta ana tuna lahira, kamar yadda Nana Asma'u 'yar Shehu ta karantar da mata addini ta hanyar waƙa, alhali da waƙar ce wasu suke ɓata tarbiyya.

Masu ƙaunarsa ma suna da nasu gyaran. Na ga waɗanda suka rubuta cewa tabbas yana Aljanna. Lokacin da Usmanu ɗan Maz'un ya rasu, Ummul Ala'i ta yi shaidar cewa Allah Ya girmama shi, sai Manzon Allah ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, ya ce shi yana yi masa fatan alheri. Fata da addu'a su ne namu, yanke hukunci ba namu ba ne. Na kuma ga samari a maƙabarta sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar yadda ake saka shi a kabari, a daidai lokacin da sunna ta ce a nema wa mamaci gafara, a roƙa masa tabbata, domin yanzu ake tambayarsa. Da yana da ikon magana, shi da ya yanke hawayen tsohuwa daga fim ɗinsa, na san abin da zai ce musu.

Wannan kuwa ya shafe mu duka, domin yau kowa mai shirya fim ne. Kyamarar da ke aljihun ɗan sakandare ta fi wadda Malam ya fara aiki da ita ƙarfi nesa ba kusa ba, amma babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa ladabinta. Mota ta yi haɗari a Kwangila, mutane suna kwance cikin jini, wasu tsiraicinsu a buɗe, maimakon a kama a kai su asibiti sai a kewaye su da wayoyi, uwa ta ga gawar ɗanta a WhatsApp kafin a zo a yi mata gaisuwa. Miji da mata sun yi saɓani, maƙwabci ya ɗauka ya watsa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa asiri duniya da lahira. Kowannenmu ya buɗe shafinsa a daren nan, ya bi abin da ya saka tun daga farko, ya tambayi kansa wanne ne yake so ya ci gaba da yawo ranar da aka baro shi a maƙabarta, ya goge sauran tun yatsansa yana motsi, ya kuma nemi afuwar wanda ya tozarta.

Mu ɗalibansa kuwa akwai haƙƙinsa a kanmu wanda ya wuce saka hotonsa da rubuta ta'aziyya. Ni kaina sau nawa na bi ta Samaru a shekarun da yake jinya, ina cewa gobe zan leƙa in gaishe shi, har goben ta ƙare. Abin da ya rage shi ne mu riƙa zuwa gaida iyalinsa bayan an tashi daga zaman makoki, lokacin da ƙafa take ɗaukewa. Duk wanda ya san akwai bashi tsakaninsa da marigayin, ko yana binsa ko ana binsa, ya je ya sami magadansa, domin ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Akwai kuma kaset-kaset ɗinsa da ke ajiye, cike da muryoyin dattawan da su ma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka iya aikin a cikinmu su nemi izinin iyalinsa a juye su a kwamfuta kafin damina ta gama da su, a fitar da mai amfani don a ci gaba da karatu da shi, wanda kuma shi da kansa ya ƙi fitarwa a bar shi a rufe kamar yadda ya bar shi.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa, mu kuma Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.