Labari da ɗumi-ɗuminsa: abin da jaridun Kano za su tanada kafin ƙararrawa ta kaɗa

A ranar 27 ga Afrilu, 2011, guguwa ta ratsa garin Tuscaloosa na jihar Alabama a Amurka, ta hallaka mutane da dama, ta katse lantarki. Jaridar garin, Tuscaloosa News, ba babba ba ce. Ma'aikatanta suka riƙa sanar da halin da ake ciki ta kafafen sada zumunta, suka taimaka wajen neman waɗanda suka ɓace, kuma da rashin wuta ya hana su bugu, sai suka kai aikin wata maɗaba'a mai nisan mil 50. A 2012 aka ba su kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, a fannin labarin gaggawa. Abin da ya ciyo musu ita shi ne mutumin da ke neman ɗan'uwansa ya amfana da abin da suka wallafa.

Mu a Kano masifu ba baƙinmu ba ne: gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016, kifewar jirgin ruwa a Bagwai a 2021, ruftawar bene a titin Beirut a 2022. Gwanayen 'yan jarida ma muna da su, tun zamanin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Triumph a 1980, kamfanin da ya riƙa buga Albishir da boko, Alfijir da ajami. Abin da ke ƙaranci shi ne shiri. Sai abu ya faru ake fara tambayar wa zai je, da kuɗin wa.

Aƙalla mutum uku aikin yake buƙata. Ɗaya a wurin da abin ya auku, ɗaya a sashen gaggawa na Asibitin Murtala, edita kuma a kan teburinsa, ba ya motsawa, shi kaɗai ke da ikon sakin labari. Kowane wakili ya fita da layin waya biyu na kamfanoni daban-daban, domin inda jama'a suka yi cincirindo sabis kan cushe, da batirin ko-ta-kwana a cike, da kuɗin ɗan sahu a aljihu. Wakilin da zai biya kuɗin mota daga albashinsa, zama zai yi ya jira sanarwar kakakin hukuma, kuma ba laifinsa ba ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne adadin mamata, kuma dalilan a bayyane suke ga wanda ya san garin. Gawa ɗaya takan shiga lissafi sau biyu: an ƙirga ta a wurin hatsari, an sake ƙirga ta a asibiti. Waɗanda suka jikkata kan rarrabu tsakanin Murtala, Asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi da ke Dala, don haka lissafin asibiti ɗaya ɓangare ne kawai. Sannan ga al'adarmu ta gaggauta sutura. Dangi kan ɗauki mamacinsu kai tsaye zuwa gida, a yi masa wanka, a sallace shi, a kai shi makwanci, sunansa bai shiga littafin kowane asibiti ba. Saboda haka wakili mai hankali ba ya tsayawa kan 'yan sanda da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA). Yana zuwa wajen mai unguwa da limamin da ya yi sallar jana'iza, yana tattara sunaye. Adadin da ba shi da sunaye a bayansa hasashe ne. Sunayen kuwa ba a sake su sai an tabbatar iyalai sun ji, don kada uwa ta tsinci rasuwar ɗanta a Facebook.

Gobarar kasuwa ma haka take. Shugabannin kasuwa kan haɗa shaguna da rumfuna da tebura, hukumar kashe gobara kuma takan yi nata lissafin daban, ga mai asara da ke fatan tallafi ba zai rage ƙiyasinsa ba. A kawo kowane adadi da sunan wanda ya faɗe shi, da ƙarfe nawa ya faɗa.

Musabbabi ya fi adadi hatsari. Ranar 17 ga Mayu, 2022, da fashewa ta auku a titin Aba da ke Sabon Gari, nan take aka baza cewa bam ne a makarantar yara, iyaye suka ruga hankali a tashe, daga bisani 'yan sanda suka ce tukunyar gas ce a shagon mai walda kusa da makarantar. A irin wannan sa'a, wakili ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya jingina sauran ga masu faɗa. A garin da jita-jita ta sha haddasa rikici, kalmar bam ba abin rubutawa ba ce a kan ji-ta-ji-ta. Hoton da aka turo ta WhatsApp kuma a tambayi mai turowa inda ya tsaya ya ɗauka, a bincika ko tsoho ne. In an yi kuskure, a gyara a fili, a rubuta lokacin gyaran.

Rai kuma ya fi labari. Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels a bakin aiki aka harbe shi a Kano ranar 20 ga Janairu, 2012. Edita ya riƙa kiran wakilinsa duk rabin awa, ya kuma umarce shi ya janye in wurin ya rikice.

Labarin farko da Hausa ya kamata ya fita, tunda masu neman 'yan'uwansu ita suke ji. Bayan mako guda kuma a koma: wa ya ba da izinin ginin da ya rufta, mutum nawa jirgin ya kamata ya ɗauka, tallafin da aka yi alkawari ya isa hannun mai tebur ko a ofis ya tsaya.