Kafin a kwantar da naka a ɗakin tiyata, ka tambayi lasisin likitan

Jama'a, akwai wani hali namu da yake ɗaure mini kai. Idan saurayi ya zo neman auren 'yarmu, sai an tura dattawa har garin kakanninsa an binciko asalinsa da sana'arsa. Amma ranar da aka ce za a tsaga cikin yarinyar nan a ciro jariri, babu mai buɗe baki ya tambayi mai riƙe da wuƙar inda ya yi karatu. Da mun ga farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya, shi ke nan, sai "Allah ya ba da sa'a, likita."

Alhali a Najeriya doka ba ta bar abin a duhu ba. Hukumar MDCN, wadda aka kafa tun 1963, ita ke yi wa likitoci rajista. Mutum zai yi shekara 6 a jami'a ya fito da digirin likitanci na MBBS, ya ƙara shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya, sannan a ba shi cikakkiyar rajista da lambarsa, kuma duk shekara sai ya sabunta lasisi. Hatta yaranmu da suka karanto likitanci a Sudan ko Masar sai sun ci jarrabawar hukumar kafin a sakar musu marasa lafiya. Wanda ya sha wannan wahalar ba zai ji haushi don ka tambaye shi ba. Mai hura hanci ya ce ka raina shi, shi ne abin tsoro.

Kada kuma wani ya ce ai sai a ƙauye ake samun na bogi. A 2015 asirin wani ya tonu a Abuja, bayan ya shafe kusan shekara 9 yana karɓar albashin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun abokinsa. Idan har ya iya ɓuya a tsakiyar likitoci, ina ga lungun unguwarmu?

Ku leƙa wasu ƙananan asibitocin kuɗi ku gani. Ɗaki biyu, benci a baranda, ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusa, kalandar kamfanin magani a bango. Allon waje kuwa ya lissafa mata, yara, ƙashi, ido da ciwon ƙoda, duk mutum ɗaya ke dubawa. Takardar da ke cikin gilashi kwafi ce da ta koɗe, shekarar ma ba ta karantuwa. Ƙwararre na gaske sai ya ƙara shekaru yana horo a ƙarƙashin kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko takwararta ta Afirka ta Yamma, shi ya sa za ku ga FMCS ko FWACS, wato shaidar kammala wannan horon, a bayan sunan masu tiyata.

Ba wai ina ƙasƙantar da nas-nas da ungozoma da ma'aikatan lafiyar karkara ba ne. Wallahi su ke riƙe da ƙauyukanmu. Sai dai kowa da hukumarsa, kowa da iyakarsa. Mai kemis lasisin sayar da ƙananan magunguna ke hannunsa, ba na yin allura a bayan labule ba, ko da duk layin na ce masa dakta.

Kuma ba cikin dare da mara lafiya a hannu ake wannan bincike ba. Tun ranar awon farko ka nemi cikakken sunan likitan da lambar rajistarsa da lasisin bana. Ka tambaya ko asibitin na da rajistar jiha. A Kano hukumar PHIMA ce ke sa ido kan masu zaman kansu, kuma takan rufe waɗanda suka saɓa ƙa'ida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan ɓarna ta auku sai mu ce "kwana ne ya ƙare," mu naɗe tabarma. Mun yi imani da ƙaddara, amma MDCN na da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya soke sunan likita daga rajista. Ba za su yi aiki da "wani likita a wani asibiti" ba. Don Allah ku riƙa adana katin asibiti da rasit da takardar magani, da su ake shigar da ƙara.