Zugin haƙori idan an sha ruwan sanyi ba tsutsa ba ce

A ƙauyukan Kano da Jigawa, idan mutum ya kurɓi ruwan randa da sanyin hunturu ya ji zugi ya tsarga masa haƙori, sai a ce tsutsa ce ke cinsa. Babu wata tsutsa a ciki. Haƙori yana da farin rufi mai tauri, kuma idan rufin nan ya zaizaye, ko dasashi ya janye, sai ƙananan hanyoyin da ke kaiwa ga jijiya su buɗe, sanyi da zaƙi da tsami su riƙa taɓa ta.

Abin da ya fi damuna shi ne, dirzar haƙora da gawayi ko toka, wadda ake yi da niyyar tsafta, tana cikin abubuwan da ke cinye rufin, haka ma yawan tsotsar tsamiya da lemun tsami da shan lemun kwalba.

A koma ga burushi mai laushi ko asuwakin da aka tauna ya yi laushi, tare da man goge baki irin Sensodyne, sau 2 a rana, kuma a daure a kai, domin yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi. Idan zugin yana hana barci ko dasashi ya kumbura, a garzaya wurin likitan haƙori, kada a ɗiga wa haƙorin ruwan batir da sunan magani.