Gasar Tyrone ta fi zafi, amma ta fi ƙarfi kuwa?

Wani marubuci ya ce a labarinsa gasar manyan kulob ta ƙwallon Gelik (ƙwallon gargajiyar Ailan da ake yi da hannu da ƙafa) a gundumar Tyrone ta fi ta kowace gunduma a Ailan, na yarda da rabin maganar. Zafi kam akwai shi, domin sili ɗaya ƙwale ake yi, aka doke ka sau ɗaya sai baɗi. Tun da Carrickmore ta ɗauki kofin gasar, wato kofin O'Neill, a 2004 da 2005, aka shafe kusan shekara ashirin ba wanda ya kare kambunsa. Dubi 2020 ma, Dungannon ta ci kofin a bugun fenariti a kan Trillick, rabonta da shi tun 1956. To amma abin da labarin ya tsallake shi ne, in an fita gasar lardin Ulster, inda zakarun gundumomin lardin ke karawa, kulob ɗaya tak daga Tyrone ya taɓa ɗaga kofi, wato Errigal Ciarán ta su shahararren ɗan wasa Peter Canavan, a 1993 da 2002 da 2024. Wani malami kuma ya rubuta cewa gasar gundumar Armagh ba ta da armashi don Crossmaglen ta ci sau 13 a jere daga 1996 zuwa 2008, ai ya manta kulob ɗin ya riƙa kwaso kofin ƙasa baki ɗaya a shekarun nan. 'Yan wasan nan ba albashi ake biyansu ba, kowa unguwarsu yake buga wa, da safe ya tafi aikinsa. Shin zakarun Tyrone ba a gajiye suke isa Ulster ba, bayan sun gama cinye juna a gida?