Liman bai gama sallama ba, hannunka ya shige aljihu

A sallar Juma'ar da ta gabata, liman bai rufe baki daga sallama ba, hannuwan samari suka shige aljihu kamar an haɗa baki. Wani goshinsa da sauran ƙasar sujada amma har ya buɗe WhatsApp. Wani kuma sakamakon ƙwallo yake dubawa, na kusa da shi yana leƙe. Haba 'yan'uwana matasa! Minti biyar ɗin da za ka zauna kai da Ubangijinka da zuciyarka, shi ma sai waya ta cinye?

Sannan ku ne masu kukan karatu ba ya zama a kai, barci ba ya zuwa sai ƙarfe biyun dare, abu kaɗan rai ya ɓaci. To yaya za a yi ya zauna? Hankali ruwan rafi ne da aka ɗebo a tulu, sai an ajiye shi an daina girgizawa lakar take kwantawa. Kai kuwa tun daga farkawa har kwanciya girgiza shi kake yi. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ba a gudu ana susar baya.

Allah Ya faɗa a Suratur Ra'adi, aya ta 28, cewa da ambatonSa ne zukata suke natsuwa. Ya buɗe Suratul Mu'minuna da yabon masu ƙanƙan da kai a cikin sallarsu. Mutumin da ya yi salla yana gaggawa, sau uku Annabi (SAW) yana mayar da shi ya sake. Har salla aka hana yi idan an ajiye abinci, ko mutum yana matse fitsari ko bayan gida, don kada hankali ya rabu biyu. In tuwo a gabanka zai iya raba maka hankali, ina ga wayar da take motsi a cinyarka kana tsakiyar Fatiha?

Likitoci ma sun zo kan wannan gaɓar ta hanyarsu. A 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako 8 a sashen likitanci na Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, inda ake koya wa masu ciwo mai daɗewa da masu damuwa su zauna shiru su bi numfashinsu, kusan minti 45 kullum. Kuɗi ake biya a koyi zama shiru. Mu an ba mu dama sau biyar a rana kyauta, muna sallamewa muna zaro waya.

Abin ba shi da wuya. Kashe wayar tun kafin alwala, kada ka bar ta tana jijjiga, don jijjigar ma kira ce. Ka taho masallaci a natse, an hana zuwa salla da gudu. Bayan sallama kada ka miƙe, kada ka jingina da bango. Gyara zama, baya a miƙe, kafaɗu a sake, ido a ƙasa. Yi istigfari sau uku da sauran abin da aka koyar, sannan ka shiga tasbihi: Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 33, ka cika ɗari da kalmar tauhidi, kana ƙirgawa da yatsun hannu. Matsalar ita ce da yawa suna gama wannan cikin ƙasa da minti ɗaya, leɓe na kaɗawa, ido na kan ƙofa. Sauri ya haifi nawa. Ka ja numfashi ta hanci a hankali kamar daƙiƙa 4, cikinka ya ɗago, ka sake shi cikin kamar daƙiƙa 6 kana furta kalmar sau uku kana tuna ma'anarta. Numfashi 33 ke nan, wajen minti biyar da rabi. Wannan ƙirgen numfashi ba ibada ba ne, kada wani ya mayar da shi sunna. Dabara ce kawai ta hana gaggawa. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan ya sauko kusan 6, kuma fitarwa ta fi shaƙa tsawo, bugun zuciya yakan lafa, jiki ya saki.

Inda ake tuntuɓe kuwa sananne ne. Tunani zai gudu, ya tafi kan bashi, kan budurwa, kan saƙon da ba a amsa ba, sai mutum ya ce shi ba zai iya ba. Ai gane cewa ya gudu da komo da shi, shi ne aikin, ko sau ashirin ne a zama ɗaya. Wani yakan cika ƙirji da ƙarfi yana haki har jiri ya kama shi, saboda ya fitar da iska fiye da kima. Ka sassauta, numfashin ya zama mara sauti. Mai gyangyaɗi ya duba ko ya ƙoshi da yawa ko bai yi barcin dare ba, ya buɗe ido. Wanda kuma damuwa ta kai shi ga daina ci da barci, ya haɗa da ganin likita. Kada ka jira canji cikin kwana uku, ka ba abin makonni. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma duk wannan banza ne muddin hannun nan bai daina zuwa aljihu ba. Me ke cikin wayar da ba zai jira ba? Gulma a zaurukan WhatsApp, zagin malamai a Facebook, da cacar ƙwallo da ta mayar da yara mabarata. Wasu ma da kansu ya ɗau zafi sai su nemi natsuwa a kwalbar maganin tari, Allah Ya shirya. 'Yan mata, ku ma ba ku fita ba: hijabi a jiki, kina kan sallaya, yatsa na kan TikTok.

Dattawanmu sukan zauna bayan Asuba har rana ta fito, carbi a hannu, ba mai tanka wa kowa. Da irin wannan hankalin yaro yake wanke allo bayan allo har ya haddace izu sittin, ɗan kasuwa ya riƙe lissafin bashin mutane da ka ba ya kuskure. In ka kawo musu magana sai sun ji ƙarshenta kafin su amsa. Yanzu masallaci kan watse kafin ladan ya naɗe tabarma, kuma abin takaici, har masu furfura sun fara zaro tasu wayar a sahun gaba, yara na kallo.