Shafin Kawu da hostin ɗin kyauta

Tun ranar da na koyi HTML da CSS, yarukan haɗa shafin intanet, a YouTube mutanen gidanmu suka koma kirana Injiniya, har remot ɗin talabijin in ya ƙi aiki ni ake nema. To shi ne Kawu, tela ne a Kasuwar Barci, ya ce shi ma a yi masa shafin intanet irin na manyan kamfanoni. Na ce Kawu akwai kuɗin domen da na hostin fa, wato na adireshin shafin da na wurin ajiye shi a intanet, duk shekara ake biya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce "Kai da ka ce komai na cikin kwamfutarka?"

Sai na nemo wani kamfani mai bada hostin kyauta, har da PHP da MySQL masu karɓar abin da aka cike a fom su adana, daidai fom ɗin da na haɗa na masu son ɗinki su rubuta awonsu. Adireshin da suka ba mu kuwa tsawonsa kamar layin mai, sunan shagon Kawu na gaba nasu na biye, ba mai iya haddace shi. Na zuba fayiloli cikin foldar htdocs, na buɗe, hotuna duk sun ɓace sai wasu ƴan akwatuna fanko. Ashe sabar tasu, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, manhajar Linux take amfani da ita, a wajenta Kaftani.JPG daban kaftani.jpg daban, alhali Windows ɗina bai taɓa nuna ya damu ba. Dare guda na yi ina maida manyan baƙaƙe ƙanana ga sauro ga ba wuta.

Ranar Juma'a na kai masa shago ina ta ƙafafa. Wani Alhaji ya zo karɓar babbar riga, dattijo mai carbi a hannu, Kawu ya miƙa masa waya yana cewa "Alhaji duba, yanzu har a Saudiyya ana ganin shagona." Alhaji ya kai wayar kusa da ido, ya yi shiru, can sai ya ce "Malam, ashe har caca kake yi?"

Wallahi tallan cacar ƙwallo ne ɓaro-ɓaro a saman hoton Kawu, yana walƙiya ja da kore, wai sa ɗari ka ci dubu. Da talla suke fanshe kyautar tasu, ni kuma burauzata tana toshe talla shi ya sa ban taɓa gani ba. Yaran shago kowa ya sunkuyar da kai kan kekensa kafaɗu na rawa. Kawu bai ce min komai ba, kallo kawai, amma na gwammace mari.

A daren na kwashe komai na koma wani hostin ɗin, GitHub Pages, nan ba talla kuma kyauta ne, sai dai ba ya gudanar da PHP, HTML da CSS da JavaScript kawai, kenan fom ɗin awo ya mutu murus. Na cire shi na sa koren maɓalli, kana dannawa ya kai ka WhatsApp ɗin Kawu.

Washegari ya danna da kansa, ya ga lambarsa ta fito, ya juya wayar gaba da baya.

"Injiniya, wato duk wannan wahalar da zubar min da mutunci gaban Alhaji, WhatsApp ɗin da nake da shi tuntuni ka kawo ni?"