Ma'aunin haɗin gwiwar jami'a da masana'anta yana barin aiki mai yawa a baya

Idan hukumomi suka tashi auna yadda jami'o'in wani yanki ke haɗa gwiwa da masana'antu wajen bincike, abin da suka fi ƙirgawa shi ne maƙalolin da malamin jami'a da ma'aikacin kamfani suka rubuta tare, sai takardun mallakar ƙirƙira, waɗanda darajarsu ta ƙaru tun da dokar Bayh-Dole ta 1980 ta bai wa jami'o'in Amurka damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati. Cibiyar nazarin kimiyya da fasaha ta CWTS ta Jami'ar Leiden da ke Holan tana fitar da kason maƙalolin da aka rubuta da kamfanoni, tana kuma da wani ma'auni na daban na maƙalolin da marubutansu ba su kai nisan kilomita 100 da juna ba. Aiki ne mai kyau, amma a ganina an ɗora wa irin waɗannan alƙaluma nauyin da ya fi ƙarfinsu.

Adireshi kansa yana yaudara. Injiniyan da ya yi aikin yana masana'antar da ke maƙwabtaka da jami'a, amma takardar mallakar takan fita da adireshin hedikwatar kamfanin a babban birni, sai yankin da aka zubar da gumin ya tashi a tutar babu.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan kamfanoni. A ɗauki masana'antar da kayanta ke tsagewa bayan sun fito daga inji: malama ta ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji, ta gano cewa zafin injin ne ya yi yawa, ta rubuta rahoto mai 'yan shafuka bayan ta sa hannu a kan yarjejeniyar riƙe sirri. An ceci kasuwanci da ayyukan mutane, amma babu mujallar da za ta buga wannan. Kamfanonin magunguna kuwa sun saba da wallafa bincike, don haka yankin da suke yakan yi zarra a jadawali ko da maƙwabcinsa ya fi shi amfanar masana'antunsa.

Birtaniya ta matso kusa da gaskiya da ƙididdigarta ta HE-BCI kan hulɗar jami'o'i da 'yan kasuwa da al'umma, wadda ke tattara kuɗin kwangilar bincike da na ba da shawara da na hayar kayan gwaji, tana kuma ware abin da ya fito daga ƙananan kamfanoni. Ni zan so a ƙara da yawan ɗaliban da suka kammala karatu suka kama aiki a kamfanonin yankin, domin tallafi yakan bi abin da aka ƙirga, malamai kuma su karkata inda tallafin yake.